Shagon da Na Ƙaga wa Inna

Ƙanena ne ya kawo maganar, a waya, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shekararsa ta huɗu ke nan a wata ƙasar Turai, inda ya je karatu, daga baya ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Matarsa tana da ciki wata huɗu, cikin fari. 'Yar Dogon Daji ce, mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare, ba ta da wadda za ta zauna mata jego. Ya ce so yake Inna ta je ta yi wata biyu, in an yi arba'in ta dawo. Shi zai aiko da takardar gayyata daga can, ni kuma in tsaya a kan abin da ake bukata a nan.

Ni ne babba a ɗakinmu. Ina koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Inna tana Kebbe, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, ita da yayarta wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara da shekaru. Inna ce mai ba ta abinci a baki, ita ce mai juya ta, ita ce mai wanke ta.

Ranar Asabar na hau babur na tafi. Na same ta a tsakar gida tana shanya kalwa. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika dubana ido cikin ido ba. Malam take ce mini, kamar yadda mutanen gari suke faɗa. Na yi mata bayani tana ta baza kalwarta a kan tabarma.

"Wa ka duba Yaya in na tahi?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

Na ce matata ta yarda za ta dawo Kebbe da yara har ta je ta dawo.

Ta ci gaba da baza kalwarta. Matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba, jirgi kuwa sai dai ta hango shi a sama. Can ta ce, "Yarinyar nan ba ta da uwa. In Allah ya nuhwa, sai in tahi."

Fasfo bai ba mu wahala sosai ba, in ban da yatsu. Da aka ɗora hannunta a kan na'ura a Sakkwato, zanen yatsunta ya ƙi fita. Tokar daddawa da faskare da wanki sun cinye shi. Sai da ma'aikaciyar ta shafa mata mai, ta danna yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan aka samu. Ranar haihuwa ma ni na zaɓa mata. Ita dai abin da ta sani an haife ta da kaka, ana yankan gero.

Takardun biza ne suka tsayar da ni. Na zauna da fom ɗin a ofishin malamai, na karanta shi ya fi sau biyar. Ana tambayar aikinta, da wanda ya ɗauke ta aiki, da asusunta na banki, da takardar gida ko ta gona. A taƙaice so ake ta nuna abin da zai sa ta dawo. Ni kuwa na san ko ɗaure Inna aka yi a can sai ta dawo. Amma babu layin da zan rubuta cewa akwai wata tsohuwa a kwance a Kebbe wadda ba ta karɓar fura sai daga hannunta. Gonar mahaifinmu ba ta da takarda, kowa dai ya san iyakarta daga tsamiya zuwa bakin fadama.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani mutum a Sakkwato mai shagon kwamfuta, wanda aka ce ya san kan harkar. Mutumin ya duba takardunmu ya ture su gefe.

"Malam, tsohuwa ba aiki ba asusu, wa zai ba ta? Me take yi a gida?"

Na ce tana yin daddawa da ƙuli-ƙuli, ana zuwa saye har gida.

"To ai 'yar kasuwa ce. Sai mu gyara abin ya yi kyan gani."

Gyaran da ya yi shi ne ya buga takarda mai tambari da ke cewa Inna dillaliyar hatsi ce, tana da shago a kasuwar Tambuwal da ma'aikata uku. Ya haɗa da rasit-rasit. Na riƙe takardun ina kallo. Na san ƙarya ce. Amma na ce wa kaina ai manufar gaskiya ce, za ta je ta dawo, ba wanda za a cuta. Ban gaya wa ƙanena ba. Na sa hannu inda ya nuna, muka tura.

Da aka ba mu ranar ganawa a Abuja, na riƙa zuwa Kebbe duk ƙarshen mako ina koya mata amsa. In zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki.

"Inna, in an ce mene ne sana'arki, ki ce hatsi kike sayarwa. In an ce kina da shago, ki ce e, a kasuwar Tambuwal."

"Wane shago?"

"Haka aka rubuta. Magana ɗaya ce kawai, Inna. Kowa haka yake yi."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗauki shirun a matsayin yarda, don haka nake so ya zama. A kwanakin nan kuwa ta duƙufa da shiri. Ta daka yajin jego, ta tanadi kanwa da gero na kunu, ta sa aka ɗinka zannuwan goyo guda biyu. Ta daina ƙunshi saboda an ce lalle yana hana yatsu fita. Na ce mata ba lallai a bar ta ta shiga jirgi da kayan abinci ba. Ta ce a dai ɗaure, in an hana an hana.

Mun tashi daga Tambuwal da asuba, muka bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora. Tun daga Koko ƙafafunta suka kumbura, ba ta yi ƙorafi ba. A Abuja muka sauka gidan wani ɗan garinmu. Washegari na kai ta ofishin jakadancin. A bakin ƙofa aka ce mai ganawa kaɗai zai shiga, akwai tafinta a ciki. Na miƙa mata jakar takardun, ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ta bi layi. A cikin mutanen nan masu kwat da manyan riguna ita ce mafi ƙanƙanta. Ta juyo sau ɗaya ta neme ni da ido, na ɗaga mata hannu.

Na yi kusan awa uku a ƙarƙashin wata bishiya a tsallaken titi. Da ta fito, da fasfonta a hannu da wata farar takarda. Na karɓa na karanta a tsaye. An hana. Ƙasa da wannan kuma akwai wani sakin layi da ya ce an gabatar da bayanan da ba na gaskiya ba, saboda haka ba za a sake duba bukatarta ba sai bayan wasu shekaru.

"Inna, me kika ce musu?"

"Wata mata ta, bayan gilashi. Tat tambaye ni wurin wa za ni, nic ce wurin autana. Tac ce mi za ni yi, nic ce matatai ka haihuwa, ba ta da uwa. Sannan tac ce in ba ta labarin shagona."

"Sai kika ce me?"

"Nic ce ban da shago. Daddawa nika yi cikin gida."

A bakin titin nan, mutane suna wucewa, na ɗaga wa mahaifiyata murya. Ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba. Na ce wata biyu ina wahala, na ce kalma ɗaya ce aka ce ta faɗa, na ce yanzu wa zai zauna da yarinyar. Ta tsaya tana kallon ƙasa har na gama.

"Malam," ta ce, "na yi niyyar in hwaɗi. Tun cikin mota nika maimaita shi. Da tad dube ni, bakina yaƙ ƙi. Shekaruna sun yi yawa ga wanga abu."

Muka kama hanyar gida. A Yawuri na sayo mata kifi da ruwa, ta karɓa ta ce an gode, ta riƙe a cinya har Tambuwal.

Ƙanena ya kira tun muna hanya, ban ɗauka ba. Da muka isa Kebbe ya kira wayata ya ce in ba shi Inna. Ina tsaye ina jin abin da take ce masa. Ta ce sun tambaye ta, ta faɗa musu abin da ta sani, ba su ba ta ba, haka Allah ya so. Ya yi ta tambaya, me suka ce, wace takarda ce ba ta cika ba. Ta ce ita ba ta karatun boko, ya yi haƙuri, ya ba matarsa haƙuri. Ba ta ambaci shago ba, ba ta ambace ni ba.

Mako biyu ina ɗauke da abin. Ƙanena yana ta shirin sake nema, yana cewa zai samo lauya a can. Da na ga zai ɓata lokacinsa, sai na ɗauki hoton farar takardar na tura masa, na rubuta masa duk abin da na yi. Ya karanta. Da ya kira bayan kwana uku, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, da ka tambaye ni. Takardar gayyatata ta isa. Ni na ɗauki nauyinta, ba wanda ya ce sai tana da shago." Ban sani ba ko da gaske ta isa, shi ma ba zai iya rantsuwa ba. Amma na rufe ƙofar da za mu gwada. Ya yi kusan wata uku ba ya kirana, sai dai ya kira matata, wadda ta ci gaba da zama a Kebbe tun tafiyarmu Abuja, ta kai wa Inna waya.

An haifi mace, da damina. Aiki aka yi wa uwar. Ƙanena ya samu hutun mako biyu, daga nan ya koma aiki, ta zauna ita kaɗai a bene na huɗu da jaririya da ɗinki a ciki. Wata maƙwabciyarsu 'yar Sudan ce take leƙa ta in ta samu sarari. A Kebbe waya ba ta kamawa sosai a cikin gida, sai an fita bayan gari wajen makarantar firamare. Kullum da hantsi Inna takan gama da yayarta, ta yafa mayafi, matata ta raka ta can. A tsaye a gindin katanga take koya wa yarinyar yadda ake riƙe jariri a wanka, da yadda ake gasa cibiya, da abin da za ta sha nono ya zo. Wani lokaci hoton ya tsaya, murya ta yanke, ta ci gaba da magana ba ta sani ba. Matata ta ce akwai ranar da yarinyar ta yi ta kuka a waya tana cewa ba ta iyawa, Inna tana ce mata, "Kina iyawa, ɗiyata, ga ni nan," har kuɗin wayar suka ƙare. Ranar a hanyar komawa gida Inna ta zauna a kan wani dutse ta rufe fuska da mayafi.

Bayan suna da kwana biyu na je Kebbe. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce ta gafarce ni, da abin da na sa ta, da abin da na faɗa mata a Abuja. Ta ce ta yafe tun a mota. Ta ce in tashi, ƙasa da sanyi. Sannan ta ce in nemi ƙanena, ita ba ta son ta mutu ta bar mu haka. Na neme shi. Ya ɗauka a kira na uku, muka gaisa kamar baƙi, daga baya a hankali abin ya saki.

Yayar Inna ta rasu a shekarar da ta biyo. Su ƙanena ba su samu zuwa ba sai da 'yarsu ta shekara uku. Na ɗauko su daga Sakkwato, muka wuce Kebbe kai tsaye. Inna ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta yi wa kowa. Ta miƙa hannu, yarinyar ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayan uwarta. Ba ta jin Hausa sosai, ba ta san wannan tsohuwar ba sai a gilashin waya. Inna ta janye hannunta ta ce a ƙyale ta, kada a matsa mata. Uwar ce ta faɗa jikin Inna tana kuka, suka daɗe a haka a cikin zaure.

Sai a kwana na biyar yarinyar ta yarda ta zauna kusa da ita, ta ci ɗumame a kwano ɗaya da ita. Mako uku suka yi suka koma. Wa'adin da aka ɗibar wa Inna bai cika ba har yanzu, kuma ƙafafunta sun fara hana ta zuwa ko bayan gari. Matar ƙanena tana da wani cikin. Ba wanda ya sake tayar da maganar tafiya.