Furosija da Jinin Malam Yusha'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, dab da kiran sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Yusha'u Abdulwahid, sakataren ƙungiyarmu ta mahauta da masu fatu a mayankar Oko-Oba da ke Legas. Ya cika a kan benci, a ƙofar wani asibitin kuɗi da ba zan ɓata alƙalamina da sunansa ba. Na san kwana ne ya ƙare. Amma akwai sanadi, kuma sanadin wata kalmar Turanci ce da na fara ji daga bakinka, Malam: furosija.

Kai haifaffen Agege ne, jikan tsohon soja, Yarbanci da Turanci duk a bakinka suke. Mu da muka biyo shanu daga Arewa ko fom ba mu iya cikewa, kai ne idonmu. Da aka kama babur ɗin Shitu mai dakon nama, kwana uku ka yi kana bin ofis-ofis har ya fito, ko ruwa ba ka yarda ya saya maka ba. Da makaranta ta ƙi karɓar 'yata Zuliha don ba ta da takardar haihuwa, kai ka tsaya a layi tun hantsi, ni ina can ina masifa a bakin get.

Duk sanda ranmu ya ɓaci, maganarka ɗaya ce: a bi furosija. Wata rana a rumfar fatu na tambaye ka, wai ita wannan aba mece ce? Ka ce asalinta daga harshen Rumawan dā take, ma'anarta tafiya gaba, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci. Alƙali yana da tasa, likita yana da tasa, banki ma haka. Ka ce mu ma muna da ita, tunda ba a fiɗa kafin yanka, ba a zuba wa fata gishiri kafin a kankare ta. "Abu bayan abu ne kawai, Saminu," ka ce. Na yarda da kai, na riƙe wannan magana shekara goma sha biyu.

A ranar Talatar nan, wani bijimi ya fizge igiya ya ture Munir mahauci, wuƙar hannunsa ta shige cinyar Malam. Muka ɗaure wurin da hirami, muka sa shi a keke mai ƙafa uku, sai asibiti mafi kusa. Mu huɗu muka shiga, riguna jina-jina, wuƙaƙe a ƙugu, don mahauci mantawa yake akwai wuƙa a jikinsa. Ma'aikacin da ke bayan kantar karɓar marasa lafiya ya dube mu ya ja da baya. "Knife wound? Oga, no vex, bring police report. Na procedure." Wai sai mun kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa shi, wai furosija ce.

Na tsani kalmar nan yanzu, na tsani bakin da ya furta ta. Mutum yana zubar da jini a gabanka, kai kana gyara biro a aljihu! Ba wanda ya tambaye mu sana'armu, alhali mayanka tana nan kusa, warinta ma yana iso musu. Da wannan kalma suke rufe ƙofa, sannan su ce ba su ba ne, tsari ne. Wanda ya tsaya bayan kantar nan, da wanda ya koya masa, da wanda ya leƙo cikin farar riga ya koma, Allah Ya isa tsakaninmu da ku.

Sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa a zaman makoki ba. Munir ya sungumi Malam zai fita da shi wani asibitin, yana ihu, "Wallahi mu bar nan, waɗannan ba mutane ba ne!" Ni na tare ƙofa. Na ce a ajiye shi, a bi furosija, haka shi ma zai ce. Lokacin kai ba ka iya magana, Malam, balle ka gaya min cewa ba irin wannan kake nufi ba. Na hau okada na tafi caji ofis. Awa biyu na yi. Na dawo da takarda mai hatimi, na tarar an lulluɓe ka.

Allah Ya jiƙan Malam Yusha'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha a kanmu ta zama sanadin shigarsa Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, da 'yan'uwansa na Agege da Ajegunle, da duk mutanen Oko-Oba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Hajiya Mastura, ranar sadakar uku kin aiko a gode min, wai ni na fi kowa wahala a kan mijinki. Ki janye godiyar nan, Hajiya. Ni na hana a fita da shi. In za ki iya, ki yafe min don Allah.