Abin da Mai Almakashi Ta Ɗaure

A ɗakin haihuwa ana ce mata Mai Almakashi. Ungozoma ce, ta yi furfura a kan aikin, kuma babu jaririn da zai kwana a hannunta da wani abu ɗaure a jikinsa. Asibitin na bakin tashar jiragen ruwa ne, kowace irin ƙabila tana zuwa da nata tsarin: wannan jan zare a hannu, waccan shuɗin dutse mai kama da ido, wata laya, wata ɗan gicciye, wata farcen damisa. Duk ƙyas! Ta yanke.

"Maganin baki ne, Inna," in ji masu jego.

"Bakin wa? Na ga zare ya kumbura hannun jariri. Ki wanke hannunki, shi ne tsari."

Ta sha tsinuwa, ko a jikinta. 'Yarta tilo ma haka ta tashi, ko kwalli ba a taɓa ɗiga mata a goshi ba, har tana yi wa ƙawayenta dariya idan ta ga guru a ƙugun 'ya'yansu.

Sai ga 'yar ta haifi bakwaini. Aka sa shi a kwalba, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar kamar na ɗan tsako. Likita ya ce a yi ta addu'a.

Da hantsi mai jegon ta lallaɓo tana dafa bango don ta gan shi. Sai ta tarar da mutum a durƙushe a ƙarƙashin kwalbar. Uwarta ce, da buɗaɗɗen gwangwanin madara a gabanta, cike da zarurruka, layu, duwatsun ido da gicciye. Tana ɗaura su a ƙafar kwalbar.

'Yar ta tsaya cak. Ta tsorata fiye da lokacin da likita ya yi magana.

"Umma! Ke ce? Ba zubar da su kike yi ba?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Ban san wanne ke aiki ba. Wataƙila babu."

"To, me ya sa kika tara su?"

"Ba duka ba. Na yaran da suka rayu kaɗai na ajiye."

Jan zaren ya ƙi ƙulluwa a yatsunta. 'Yar ta dubi ɗanta, ta durƙusa duk da ciwon ɗinki, ta danne mata zaren da yatsa har ta ƙulla.