Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina riƙe da maganar nan a ciki, yau dai zan faɗe ta.

Ina da shekara sha bakwai na haifi Rahama. Aka mai da ni gidanmu a Kurfi wankan jego, hannun kakata Inna Ladi, Allah ya ji ƙanta. Har yau in na ji ƙamshin ganyen darbejiya cikin ruwan zafi, tsakar gidan nan nake gani. Tukunya na tafasa, kunun kanwa na jira, Inna na yi min tsiya wai na fi jaririyar raki. Ina kewar tsiyar nan.

Amma bayan suna barci ya ƙaurace min. Abinci ba ya shiga. In Rahama ta yi kuka sai in juya fuska bango, ba na ɗaukarta sai an ɗora min ita a cinya.

Kun san me ya ɓoye ciwon? Kunyar ɗan fari. 'Yan barka sai yabona suke, wai yarinya mai kunya, ko kallon 'yarta ba ta yi. Ni kuwa ko mu biyu ne a ɗaki ban iya kallonta. Har na fara jin mutuwata ce za ta fi mata alheri.

Inna ce ta gano. Ta leƙo da hantsi ta tarar Rahama na tsala kuka, ni na zuba wa ƙasa ido. Ta ce, "Ni ma na yi kunyar ubanki, amma in ba kowa har rawa nike mashi. Hauwa, wannan ba kunya ba ce."

An gwada rubutu da hayaƙi, shiru. Sai ta tasa mijina gaba muka tafi asibiti Dutsin-Ma. Yankan kati, layi, awon jini, duk aka ce lafiya lau. Wata nas ta fitar da kowa, ta tambaye ni abin da ke raina. Na yi kuka kamar ba zan daina ba.

Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama masu jego, balle ƙanana irina, kuma yana warkewa. Baba ya sayar da tunkiyarsa saboda magani da zirga-zirga.

Sauƙin a hankali ya zo. Wata na huɗu na wayi gari na goya Rahama da kaina, ba wanda ya sa ni. Yanzu tana firamare, gatsau nake kiran sunanta.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa mijina da nas ɗin nan da alheri, ya haskaka kabarin Inna.

Mai jin irin abin da na ji, ki faɗa, ki je asibiti, ba hauka ba ne. Ku kuma in kun je barka, kada ku tsaya ga jariri kawai. Ku matsa kusa da mai jegon, ku tambaye ta ko tana barci, ku jira amsa. Ni sai da na yi kwana talatin ba wanda ya tambaye ni.