Motar da Ba a Jin Zuwanta a Hanyar Baure

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da ƙanwar babana, za mu Baure sunan ɗan yayata. A tashar Daura aka nuna mana sabuwar bas mai aiki da lantarki, cikin waɗanda gwamnati ta kawo don a huta da tsadar fetur. Kuɗinta bai kai na sauran motoci ba, muka shiga da murna. Na zauna bayan direba ina ta ɗaukar hoto.

Gaskiya da farko ta burge ni. Ba hayaƙi, ba warin mai, ba ƙugi. Wani dattijo daga baya ya ce, "Wai an tayar da ita kuwa, ko aljanu ke tura mu?" Aka kwashe da dariya. A Zango muka sayi ƙosai ta taga, mai suyar ba ta ma san mota ta tsaya a bayanta ba sai da aka yi mata sallama.

Na lura direba ba ya danna hon, fanka ma ya kashe. Goggo ta tambaye shi dalili. Ya ce, "Hajiya, wurin caji a Daura kaɗai yake. Da wannan cajin zan je in dawo. Hon ma cin batir yake."

Kaka ce, duk ƙauyen da muka ratsa an shanya gyaɗa a gefen kwalta. Mutanen hanya kuwa da kunne suke tsaron ransu: su jiyo ƙugi daga nesa, su matsa. Mun kusa Baure sai ga wata tsohuwa a sunkuye tana juya gyaɗarta, ta ba mu baya. Ta ja da baya don ta gyara buhu. Wallahi na ganta. Na buɗe baki zan yi ihu. Kafin birki ya kama, mun buge ta.

Da muka sauka tana kwance, ƙafarta a karkace, ita ce ma ke ba mu haƙuri. "Ban ji ba, 'ya'yan nan. Wallahi ban ji mota ba." Wannan maganar ce ke hana ni sukuni har yau.

A motar muka kai ta asibitin Baure. Aka ce ƙashin ƙugu ne, a shekarunta da wuya ta sake takawa. Ɗanta ya zo, direba na kuka, ya dafa shi ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Na yarda da ƙaddara. Amma wa ya kawo motoci ya kafa wurin caji guda? Wa ya miƙa wa mutum makulli bai koya masa cewa hon ba ya cinye caji ba? Kullum rediyo yabon motocin nan ake, an taɓa cewa 'yan ƙauye su lura, akwai motar da ba a jin zuwanta? Tsabtar iska abu ne mai kyau, na karanta a makaranta, amma tsohuwar nan ma tana cikin masu shaƙar iskar.

Sunan dai jikina kawai ya halarta, ko waina na kasa ci.

Washegari irin motar muka sake samu, wani direban, shi ma hannunsa ba ya zuwa wajen hon. Na zare murfin kwanon abincin suna da cokali, na zura hannu ta taga. Duk ƙauyen da muka tunkara sai in hau bugu. Wata mata ta ce, "Ke 'yar nan, tashe kike mana?" Goggo ta ce, "Ƙyale ta, ba ki ga abin da ta gani ba." Mutane suna ɗagowa, suna janye yara.

Mun shigo Daura hannuna ya yi tsami. Abin da tafiyar ta koya mini, in za a kawo wa mutane sabon abu, a fara duba yadda suke rayuwa. Jiya yayata ta kira ni: maƙwabta sun kwashe wa tsohuwar gyaɗarta, ita kuwa har yanzu sai an juya ta.