Geron da Aka Hana Ruwa a Dakusa

Tarihin kimiyya a Damagaram ba zai cika ba sai an ambaci ranar da muka je tsinko ganyen gero.

Mun tashi da asuba daga Kara-Kara, mu uku a tsohuwar mota, da tulun azot, ruwan sinadari mai tsananin sanyi, mai daskarar da ganye cikin ƙiftawar ido. Shi muka ɗaure da bel, mu kuwa muka dogara ga Allah. A Tirmini muka sha fura mai tsami, wadda kuɗinta ya ƙaru, ludayinta ya ragu. Daga nan muka sauka daga kwalta, yashi ya karɓe mu.

Ga abin da ya kai mu. DNA kundi ne da ke cikin kowane tsiro, RNA kuma shi ke nuna shafin da tsiron ke karantawa a yau. Muna so mu karanta RNA na gero mai jin ƙishi, mu ga ƙwayoyin halittar da ke tashi aiki lokacin fari. Don haka muka shuka ɗan fili kusa da rijiya a ƙauyen Dakusa, muka roƙi dattijon da ke kula da shi ya hana geron ruwa kwana goma. Rahoton ɗalibarmu na ƙarshen karatu a kan wannan ganye ya rataya.

Muka iske geron shar, ƙasa da danshi.

"Baba, wa ya ba shi ruwa?" in ji ɗalibar.

"Ni mana, ɗiyata. Baƙi su taso tun daga Damagaram su tarar da gero a yanƙwane? A ce da ni me a gari?"

Geron da ya sha jiya ya riga ya rufe shafin ƙishi. Ɗalibar ta tuɓe takalmi, ta bi layi-layi tana tura yatsa cikin ƙasa, mu muna biye. A can ƙarshen fili ta sami layi uku busassu ƙayau, ganye a nannaɗe. Baba ya ba da haƙuri, wai igiyar guga ce ta tsinke kafin ya kai nan. Muka tsinka, muka jefa cikin azot, muka yi masa bayani sau biyu cewa ƙishin geron muke so, ya yi ta gyaɗa kai.

Kafin la'asar mun dawo gida, ganye na cikin firiza. Na koyi cewa dole mai bincike ya fara nazarin mai gona kafin gonar. Layi uku ba su isa rahoto ba, saboda haka za mu sake shuka, mu koma.

Jiya Baba ya aiko a gaya mana ya sayi sabuwar igiya.