Datti da Takin Teku

Datti manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye a bayan Malumfashi. Cirani ya kawo shi Abuja, ciranin ya ƙi ƙarewa. A Mpape yake kwana, da safe ya gangara Maitama yana kula da lambun Hajiya Muhibba. Bawan Allah ne mai gudun fitina, ko taka shi aka yi shi ke ba da haƙuri.

Hajiya ba ta yarda takin zamani ya taɓa latas ɗinta. Ran nan ta aike shi wani shago ya sayo takin ciyawar teku, wadda ake busarwa a niƙa. A hanya ledar mai rubutu ta yage. Gogan naka ya juye garin a tsohon buhun shinkafa, ya ɗaure, ya yar da ledar. Kai, Datti!

A shingen bincike aka tsayar da motar hayar da ya shiga, aka sauke kowa. Wani mai kaki ya zunguri buhun da bakin bindiga.

"Na waye wannan? Mene ne ciki?"

"Nawa ne, oga. Taki ne."

Kowa ya san da taki miyagu ke haɗa bam, ga gari ba suna ba rubutu. Fasinjoji suka dare, aka bar shi tsaye shi kaɗai a rana. In aka jefa shi a bayan motar masu kakin can, wa zai neme shi? Matarsa Luba ko sunan unguwar da yake aiki ba ta sani ba.

"Wallahi ciyawa ce, oga, ta teku!"

"Teku a Abuja? Shiga motarmu!"

Datti bai san lokacin da ya kwance buhun ba. Ya dumbuzi garin ya cusa a baki. Ga gishiri, ga ƙarnin kifi. Yana tauna yana hawaye, yana kalmar shahada a zuci, don shi ma bai tabbata ba guba ba ce. Ya ƙara dumbuza.

Mai kakin ya tuntsire da dariya, ya kira abokansa su zo su gani. Sai da suka ƙoshi da kallo aka ce ya wuce.

Motar hayar ta riga ta tafi. Ya taka har ya daina ganin shingen, sannan ya tsuguna bakin kwata yana amai, hannunsa ɗaya riƙe da bakin buhun gam, kada Hajiya ta ga ya ragu da yawa.