Na shanye rubutun matar Yaya

Jama'a, yau na sha abin da ya fi ƙarfina!

Gobe muke da jarrabawar CC ta droit da économie, wato doka da tattalin arziki, ni kuwa ko rabin cours ɗin, wato darussan, ban karanta ba. Inna ta ce ta karɓo mini rubutun buɗe ƙwaƙwalwa wajen malaminta na Guider, yana cikin firij. Na shigo da ƙishin ranar Garoua, na ga gora, na yi bismilla na shanye tas! Wallahi har na fara jin dokoki suna zama a kaina.

Sai ga Yaya Sali yana bincike: "Wa ya ɗauki rubutun naƙudar matata?"

Ashe nawa yana can ƙasan firij, ko buɗe shi ba a yi ba!

Inna ta kalli cikina ta ce, "To Hamadu, Allah ya sauke ka lafiya."